Kantoma a Ƙaramar Hukuma: Shin Naɗaɗɗen Shugaba Yana Ceto Asusun da Ya Durƙushe? Nazari daga Tabanni ta Birnin Gwari

Tsakure

Gwamnatocin jihohi a Nijeriya sun daɗe suna naɗa kantomomi ko kwamitocin riƙo a kan ƙananan hukumomi, kuma hujjar da aka fi kafawa ita ce gyara asusun da ya lalace. Wannan maƙala ta auna hujjar da abin da ya faru a Jihar Kaduna, musamman Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari da mazaɓarta ta Tabanni, sannan ta kwatanta shi da biranen Ditroit da Filint na Amurka. An dogara da tanade-tanaden tsarin mulki, da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, da abubuwan da suka faru a bainar jama'a. Maƙalar ta gano cewa kantoma yana iya rage abin da ake kashewa, amma ba ya iya dawo da tushen kuɗin shiga idan ya ƙafe. Haka kuma naɗinsa yana yanke hanyar da koken talaka ke bi ya isa ga hukuma. A wuri irin Tabanni, inda rashin tsaro ne ya karya arzikin jama'a, wannan asara ta fi ribar nauyi.

Muhimman kalmomi: kantoma, ƙaramar hukuma, asusun haɗin gwiwa, kuɗin shiga, Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da ƙaramar hukuma ta kasa biyan albashi, ko bashi ya yi mata katutu, akan ji kiran a kawo mutum mai riƙon amana daga sama ya gyara. Tunanin da ke bayan kiran mai sauƙi ne. Zaɓaɓɓen shugaba yana jin nauyin waɗanda suka zaɓe shi, saboda haka ba zai iya korar ma'aikacin bogi ko soke kwangilar ɗan jam'iyya ba. Wanda aka naɗa kuwa ba ya neman ƙuri'ar kowa, don haka zai iya yanke hukunci mai ɗaci.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: shin wannan tsari yana warkar da ciwon, ko kuwa yana rufe bakin mai ciwon ne kawai? An zaɓi Birnin Gwari ne domin a can matsalar kuɗi da ta tsaro sun haɗu wuri guda, ta yadda ake iya ganin iyakar abin da kantoma zai iya yi a fili.

2.0 Kalmar Kantoma da Tarihinta

Kalmar kantoma aro ce daga Ingilishi. A zamanin mulkin mallaka, ana kiran Baturen da ke kula da bariki da unguwannin da ba sa ƙarƙashin En'e da wannan suna, a garuruwa irin su Kaduna da Kano da Zariya. Tun asalinta ke nan kalmar tana nufin mai mulkin da ba jama'ar wurin suka ɗora ba, kuma ba gare su yake kai bayanin aikinsa ba. Daga baya Hausawa suka faɗaɗa ma'anarta ta haɗa da duk wanda gwamnati ta naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma, ko ma jiha ɗungurungum, kamar yadda kafofin yaɗa labarai na Hausa suka kira Ibok-Ete Ibas kantoman Jihar Ribas bayan dokar ta-ɓacin watan Maris na 2025.

Garambawul ɗin 1976, a zamanin mulkin soja na Olusegun Obasanjo, shi ya mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati a tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa. Sai dai tun a Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, gwamnoni suka riƙa tafiyar da su da kwamitocin riƙo ba tare da zaɓe ba. Gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta ɗora kantomomi a kansu a 1984. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 7, ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su gudanar da ƙananan hukumomi 774 na ƙasar. Duk da haka, da wa'adin zaɓaɓɓun farko ya ƙare a 2002, jihohi suka koma ga naɗi, kuma al'adar ta ci gaba fiye da shekara 20.

Ba Nijeriya kaɗai ba ce. A Jamhuriyar Nijar, an tuɓe magajin garin Yamai a 2017 aka miƙa birnin ga naɗaɗɗen kwamiti, sannan a watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta Abdourahamane Tiani ta rushe dukkan zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa masu riƙo.

3.0 Daga Ina Kuɗin Ƙaramar Hukuma Ke Fitowa?

Kafin a yanke hukunci a kan mai gyara, ya kamata a san abin da ya ɓaci. A zamanin En'e, baitulmalin masarauta yana cika ne da haraji da jangali, wato kuɗin da ake tarawa daga hannun mutanen ƙasar. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna da Muhammadu Abubakar Rimi na Kano, suka soke waɗannan haraji biyu saboda zaluncin da ke tattare da karɓarsu. Talaka ya huta, amma daga nan ƙaramar hukuma ta ƙara jingina da kason da ke zuwa daga tarayya.

A yau kuɗin ƙaramar hukuma yana da ƙofa uku. Ta farko ita ce asusun tarayya, inda ƙananan hukumomi baki ɗaya ke da kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, tarayya kuma 52.68. Ta biyu ita ce kason da tsarin mulki ya ce jiha ta ba su daga abin da ta tara. Ta uku ita ce kuɗin shiga na cikin gida, wanda ya ƙunshi kuɗin rumfunan kasuwa, da na tasha, da na kara, da na mahauta, da lasisi iri-iri.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kason tarayya ke bi. Kafin kuɗin ya isa sakatariya, an riga an cire albashin malaman firamare, da kuɗin fansho, da kason masarautu, da na ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage sau da yawa bai wuce albashin ma'aikata ba. Ma'anar wannan ita ce, gwamnatin jihar da ke naɗa kantoma don ya gyara asusu, ita ce kuma ke riƙe da bakin jakar tun farko. Wannan ya bambanta lamarin Nijeriya da na ƙasashen da birane ke tara kuɗinsu su kashe da kansu.

4.0 Jihar Kaduna a Hannun Naɗaɗɗu, 2015 zuwa 2018

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23. Daga hawan Gwamna Nasir El-Rufa'i a 2015 har zuwa zaɓen 12 ga Mayu, 2018, naɗaɗɗun shugabanni ne suka riƙe su. A cikin wannan tsakani aka ɗauki matakai mafi tsauri da suka shafi kuɗin ƙananan hukumomin jihar.

A 2017 gwamnati ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, ta kuma sauke dubban dagatai, bisa hujjar cewa ƙananan hukumomi ba za su iya ɗaukar nauyin albashinsu ba. A shekarar ce kuma aka sallami ma'aikatan ƙananan hukumomi kimanin 4,000. Haka nan aka bayyana cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su da alƙawarin ɗaukar sababbi 25,000. Hujjar wannan mataki na ƙarshe ingancin ilimi ce, amma albashin malaman yana kan asusun ƙananan hukumomi ne, don haka ya shafe su kai tsaye.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, masu goyon bayan naɗi suna da gaskiya a wani gefe. Da wuya zaɓaɓɓen shugaban ƙaramar hukuma ya amince a sauke hakimin garinsu, ko a sallami ɗaruruwan 'yan mazaɓarsa, yana kuma fatan komawa kujera. Rashin zaɓaɓɓu ya sauƙaƙa aiwatarwa. Na biyu, ba kantomomin ne suka tsara waɗannan matakai ba. Daga fadar gwamnati a Kaduna aka tsara su, kantoma kuwa hannu ne kawai. Shaida a kan haka ita ce, a watan Afrilu na 2021, lokacin da zaɓaɓɓu ke kan kujera, an sake sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta NLC a watan Mayu na shekarar. Maimaita tiyata bayan shekara huɗu alama ce cewa ta farko ba ta cire tushen ciwon ba.

5.0 Tabanni: Inda Matsala ta Wuce Lissafi

Birnin Gwari ta fi kowace ƙaramar hukuma a jihar faɗin ƙasa, domin ta haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 250,000. Tana iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja, dajin Kamuku yana cikinta, kuma dazuzzukanta sun haɗe da na Kuyambana. Tabanni ɗaya ce daga mazaɓunta 11, tana ɓangaren gabas tare da Kuyello da Kutemeshi da Kazage da Dogon Dawa. Ƙasa ce ta noma, mai ba da masara da dawa da sauran hatsi, ga kiwo, ga kuma zinare a wasu sassan masarautar.

A bisa takarda, wuri irin wannan bai kamata ya rasa kuɗin shiga ba. Kowane buhun hatsi da ya shiga kasuwa, kowace motar da ta yi lodi a tasha, kowace saniyar da aka sayar a kara, akwai abin da ke shiga aljihun hukuma. To amma tun daga harin Dogon Dawa na watan Oktoba na 2012, zuwa na Gwaska a watan Mayu na 2018, da abin da ya biyo baya, 'yan bindiga suka mayar da yankin fagen fama. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro. Karar shanun Birnin Gwari ta yi shekaru a rufe. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako a yankin, ta kuma sa aka katse layukan waya na wani lokaci, duk a matsayin matakan tsaro. A watan Satumba na shekarar ne kuma hukumar zaɓe ta jiha ta ɗage zaɓen ƙananan hukumomi a Birnin Gwari da Chikun da Kajuru da Zangon Kataf.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne haraji bai daina fita daga aljihun manomi ba, mai karɓa ne ya canza. An sha ba da rahoton yadda ƙauyuka ke haɗa kuɗi su biya 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka, su sake biya kafin girbi. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru sun kafu a gabashin ƙaramar hukumar har suna hana harkokin siyasa. Ke nan a wasu sassa, ƙaramar hukuma ta rasa abubuwa biyu da ke mayar da hukuma hukuma: ikon karɓar haraji da ikon shiga wuri.

A nan ne iyakar kantoma take bayyana. Kayan aikinsa su ne tantance ma'aikata, da toshe ɓaraka, da rage kashe kuɗi. Babu ɗaya daga ciki da zai buɗe kasuwar da tsoro ya rufe. Tsaro kuwa ba ya hannun ƙaramar hukuma, domin 'yan sanda da soja na tarayya ne. Idan aka rage ma'aikata a wurin da malami da ma'aikacin asibiti suka riga suka gudu, littafin lissafi zai yi kyau, amma makarantar da ke ƙauye tana nan a rufe.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a lissafi. Ga mutumin Tabanni, kansilan mazaɓa shi ne jami'in gwamnati mafi kusa. An san gidansu, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin jana'iza, kuma ya san ƙauyen da aka tasa da gadar da ta karye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka rushe majalisa, ko aka ɗage zaɓe, wannan kujera takan zama ba kowa, ko kuma a ba wanda ke kallon fuskar wanda ya naɗa shi. Idan aka haɗa wannan da rage hakimai da dagatai, sai a ga hanyoyi biyu da labarin ƙauye ke bi ya isa ga hukuma sun ƙuntata a lokacin da aka fi buƙatar su.

Abin lura ne cewa motsin farfaɗowar da aka gani a yankin bai zo ta hanyar gyaran asusu ba. Ya zo ne bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta jagoranta, wanda ya kai ga sake buɗe karar Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024. Ko sulhun zai ɗore, wannan muhawara ce ta daban. Abin da ya tabbata shi ne, kuɗin shiga yana bin kasuwa ne, kasuwa kuma tana bin zaman lafiya.

6.0 Darasi daga Jihar Mishigan

Jihar Mishigan ta Amurka ita ce ta fi shahara da wannan tsari. Dokarta ta 2011 ta ba gwamna ikon naɗa manajan gaggawa da zai karɓe ikon magajin gari da majalisarsa. Masu zaɓe suka soke dokar a ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba na 2012, amma majalisar jihar ta zartar da wata mai kama da ita bayan wata ɗaya.

A Ditroit, birnin da mutanensa suka ragu daga kusan miliyan 1.8 a 1950 zuwa kimanin 700,000 a 2010, Gwamna Rick Snyder ya naɗa Kevyn Orr a watan Maris na 2013. A watan Yuli birnin ya shigar da takardar fatara a kotu da bashin kusan dala biliyan 18, ya kuma fita a watan Disamba na 2014 bayan an sauke masa kusan biliyan 7. Wannan shi ne misalin da masu goyon bayan tsarin ke kafa hujja da shi. Sai dai nasarar ta dogara da abu biyu da manajan bai mallaka ba, wato kotun da ke da ikon tilasta wa masu bin bashi su yi rangwame, da sabon kuɗi fiye da dala miliyan 800 da gwamnatin jiha da gidauniyoyi suka yi alƙawari. Duk da haka, sai da aka zaftare wa tsofaffin ma'aikata fanshonsu.

A Filint kuwa labarin ya sha bamban. A watan Afrilu na 2014, ƙarƙashin manajan gaggawa, aka mayar da ruwan shan birnin zuwa kogin Filint domin rage kashe kuɗi, ba tare da sa maganin da ke hana bututu zaizayewa ba. Gubar dalma ta shiga ruwan, ta shiga jinin yara. Jama'a suka yi ta kuka da launin ruwan da warinsa. A watan Maris na 2015 zaɓaɓɓiyar majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa tsohon ruwa, manajan ya ƙi, domin doka ta ba shi ikon ƙi. Ba a koma ba sai watan Oktoba. A 2021 kotu ta amince da diyyar dala miliyan 626, wadda ta ninka abin da aka so a tsimi sau fiye da ɗari.

Biranen biyu sun nuna fuska biyu ta abu ɗaya. Rashin jin tsoron masu zaɓe, wanda shi ne ƙarfin kantoma wajen yanke hukunci mai ɗaci, shi ne kuma rauninsa idan hukuncin ya zama kuskure.

7.0 Matsayin Kotun Ƙoli

A fuskar doka an riga an rufe ƙofar. A watan Disamba na 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rushe zaɓaɓɓun majalisu da aka yi a Jihar Ekiti ya saɓa wa tsarin mulki. A watan Mayu na 2021 ta yanke irin wannan hukunci a kan jihohin Oyo da Katsina. Sannan a ranar 11 ga Yuli, 2024, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, kotun ta haramta kwamitocin riƙo, ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma hana a saki kuɗi ga wadda ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba.

Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe. A Kaduna an yi shi ranar 19 ga Oktoba, 2024, jam'iyya mai mulki ta lashe dukkan kujeru 23, kamar yadda aka gani a jihohi da dama ba tare da bambancin jam'iyya ba. Wannan ya haifar da sabuwar fargaba. Idan gwamna ne ke fitar da ɗan takara, hukumar zaɓen jiha kuma shi ya naɗa ta, biyan kuɗi kai tsaye kuma yana jan ƙafa, to akwai yiwuwar kantoma ya canza riga ne kawai.

8.0 Sakamakon Nazari

Daga abin da ya gabata, an fahimci abubuwa huɗu. Na farko, naɗaɗɗen shugaba yana da amfani idan cutar ta almubazzaranci ce ko ma'aikatan bogi, domin waɗannan ana iya magance su da alƙalami. Na biyu, ba shi da tasiri idan cutar ƙafewar tushen arziki ce, kamar gudun masana'antu a Ditroit ko rufewar kasuwanni a Birnin Gwari, sai fa idan ya zo da sabon kuɗi ko da tsaro. Na uku, yana da haɗari a duk inda babu mai iya taka masa burki. Na huɗu, a Nijeriya ba a cika naɗa kantoma bisa wani ma'auni na durƙushewar asusu ba. Akan naɗa su a dukkan ƙananan hukumomin jiha lokaci guda, mai lafiya da maras lafiya, abin da ke nuna cewa dalilin siyasa ya rinjayi na kuɗi.

Saboda haka, hanyar da ta fi dacewa ita ce a sa ido ba tare da an kawar da wakilan jama'a ba. Ana iya ƙarfafa ofishin mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi, a wajabta buga abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata da Hausa, a liƙa a sakatariya da kasuwanni, a karanta a rediyo. Idan tsaro ya hana zaɓe a wata mazaɓa, a yi shi a inda mutanenta suke gudun hijira maimakon a bar kujerarsu ba kowa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi kantoma daga barikin Turawan mulkin mallaka zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, ta kuma auna aikinsa da abin da ya faru a Kaduna da Mishigan. An ga cewa daidaita littafin lissafi daban, farfaɗo da gari daban. Manomin Tabanni ba zai auna nasarar hukuma da yawan ma'aikatan da aka sallama ba. Zai auna ta ne da ko ya je gona ya dawo lafiya, ko hatsinsa ya isa kasuwa, ko malami ya dawo aji, da kuma ko akwai wanda zai kai wa kuka ya saurare shi don yana tsoron ranar zaɓe. Kantoma yana iya taimakawa wajen tsimin abin da ke cikin rumbu, amma cika rumbun aikin gona ne, kuma gonar tana buƙatar masu ita.